Tsohon Gida Mai Lambu a Matsayin Kayan Tarihi: Nazarin Gidan McIntosh na Ƙasar Kanada

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi zancen gidan tarihi, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne gini: fada, ko ganuwa, ko masallaci, ko soron wani malami ko attajiri da ya yi tashe a zamaninsa. A irin waɗannan wurare ido yana da abin kallo, mai kula da kayan tarihi kuma ya san inda zai yi wa yaɓe da inda zai kare daga ruwan sama. To amma akwai wani rukuni na tsofaffin gidaje da wannan ma'auni bai cika yi wa adalci ba, wato gidajen manoma waɗanda wani nau'i na 'ya'yan itace ya samo asali daga bayan ɗakinsu. Galibi ginin irin wannan gida ba shi da wani fasali da ya bambanta shi da na maƙwabta. Mai gidan bai yi sarauta ba, bai ci yaƙi ba, bai bar littafi ba. Saboda haka sau da yawa akan yi sakaci da wurin har ya lalace, alhali abin da ya fito daga cikinsa yana nan ana ci ana sayarwa a kasuwannin duniya.

Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, wato gidan John McIntosh da ke ƙauyen Dundela a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, inda tuffar da ake kira McIntosh ta samo asali. Manufar ita ce a nuna cewa darajar gidan ta rataya ne a kan abubuwa biyu da suka fita daga cikinsa suka shiga duniya: itaciya da kuma suna. Ta wannan abu na biyu ne batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

2.0 Waiwaye a Kan Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita ma'anar wasu kalmomi da za a riƙa amfani da su. Hausa ta bambanta matakan tsufan mazauni. Gidan gado shi ne wanda zuriya ta gada kaka da kakanni, kuma har yanzu akwai mai kwana a ciki. Idan mutane suka fita, gini ya saura a tsaye ba mai shara ba mai yaɓe, to ya zama kango. Idan kuwa ginin ya rushe har ƙasa ta cinye shi, sai tudu da tsingaro, wurin ya zama kufai ke nan. Abin lura a nan shi ne, manomi yakan gane kufai tun daga nesa ta itatuwan da ke tsaye a kansa, domin itace ya fi bango tsawon rai. Wannan bambanci zai yi amfani a gaba, don kuwa gidan da ake magana a kansa ya ratsa waɗannan matakai ta wata hanya mai ban mamaki.

Kalmar tuffa aro ce daga Larabci. Masu sayar da kayan marmari a yau sun fi kiran ta aful. Lambu kuwa, a wannan maƙala, ana nufin gonar itatuwa masu 'ya'ya wadda ke jingine da gida. Sai kalmar aure, wadda masu rainon dashe suka faɗaɗa ma'anarta daga zamantakewar ɗan'adam zuwa sana'arsu. Auren itace shi ne a yanko reshe ko ido daga itaciyar da ake son 'ya'yanta, a tsaga jikin wani ƙaramin tsiro mai saiwa, a haɗa su a ɗaure har su manne su zama jiki ɗaya. Saiwa da gindi na tsiron ƙasa ne, amma rassa da 'ya'ya na wadda aka yanko ne. Duk wanda ya san bambancin mangwaro mai aure da wanda ya tsiro daga ƙwallo a juji ya riga ya san abin da ake nufi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Gidan

An haifi John McIntosh a shekarar 1777 a kwarin kogin Mohawk, cikin yankin New York. Mahaifinsa ɗan ƙaura ne daga Sikotilan, kuma yana cikin waɗanda suka goyi bayan Sarkin Ingila a lokacin yaƙin neman 'yancin kan Amurka. Bisa lissafin da hukumomin Kanada suka ɗauka, a 1796 John ya ƙetara zuwa yankin da a lokacin ake kira Kanada ta Sama, wato Ontariyo ta yau. Ya auri Hannah Doran a 1801, sannan a 1811 ya mallaki gona a gundumar Matilda, arewa da kogin St. Lawrence, kudu da birnin Otawa na yanzu.

Yana cikin sassabe a wannan gona ne ya ci karo da wasu 'yan tsiron tuffa a cikin sarƙaƙiya. Tuffar da ake ci ba 'yar asalin nahiyar Amurka ba ce. Kakanninta suna duwatsun tsakiyar Asiya, wajajen Kazakistan, kuma Turawa ne suka ƙetara da ita teku. Faransawan da suka zauna a gaɓar St. Lawrence tun ƙarni na 17 sun daɗe suna noman wani nau'i mai suna Fameuse, wanda masana da dama ke kyautata zaton shi ne mahaifin McIntosh. Ke nan samun tsiron tuffa a cikin daji alama ce ta ɗan'adam ya taɓa zama a wurin, ko aƙalla ya ratsa ya yar da ƙwaya. Wato dai tarihin gidan ya fara ne da abin da wani ya bari a baya.

John ya tono 'yan tsiron ya dasa su kusa da ɗakinsa. Ɗaya daga cikinsu ta yi fice: 'ya'yanta ja ne da ratsin kore, cikinsu fari fat mai taushi da ruwa, da ɗan tsami-tsami, suna nuna a watan Satumba, itaciyar kuma tana jure tsananin sanyin ƙasar. Maƙwabta suka yi sha'awa, aka riƙa shuka ƙwayoyinta, amma duk itaciyar da ta fito sai ta ba da 'ya'ya dabam da na uwar. Haka aka zauna fiye da shekara ashirin da itaciya ɗaya tak, wadda guguwa ɗaya ko gatari ɗaya ya isa ya kawo ƙarshen labarinta.

Wajen 1835 ne ɗansa Allan McIntosh, wanda aka haifa a 1815, ya koyi auren itace. Labarin da ya shahara shi ne wani ɗan ƙodago mai yawo ne da ya sauka a gidan ya koya masa. Daga nan Allan da ɗan'uwansa Sandy suka buɗe wurin rainon dashe, suna yanko rassan uwar suna aurawa suna sayarwa. John ya rasu tsakanin ƙarshen 1845 da farkon 1846, bai ga inda abin zai kai ba. A 1870 aka fara tallata irin sosai da sunan McIntosh Red, wato jar McIntosh. Duk da haka bai bazu yadda ya kamata ba sai bayan 1900, saboda yana da rauni ga wata cuta da ke sa wa ganye da 'ya'ya baƙin tabo kamar ƙazuwa, kuma sai a wannan lokaci ne feshin maganinta ya wadata. Wani abin da ya ƙara buɗe masa hanya shi ne hunturun 1933 zuwa 1934, wanda ya kashe ɗimbin itatuwan tuffar Baldwin a arewa maso gabashin Amurka. Manoma da yawa suka maye gurbinsu da McIntosh saboda juriyarta. Zuwa shekarun 1960 ta kai kimanin kashi 40 cikin 100 na kasuwar tuffa a Kanada.

A can gida kuwa, tun a 1894 gobara ta cinye ɗakin, ta kuma babbake gefe ɗaya na uwar itaciyar saboda kusancinta da shi. Ɗaya gefen ya ci gaba da haihuwa har 1908. Allan ya rasu a 1899, itaciyar kuma ta mutu ta faɗi a 1910, tana da kimanin shekara ɗari.

4.0 Dalilin da Ya Sa Itaciya Ɗaya Ta Zama Asali

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma tuffa ta saɓa wa wannan karin magana. Furen yawancin ire-iren tuffa ba ya karɓar barbara daga kansa, ko daga wata itaciya irinsa. Sai ƙudan zuma ya kawo garin fure daga wani nau'i dabam sannan 'ya'ya su ƙullu. Saboda haka kowace ƙwaya da ke cikin tuffa tana ɗauke da gauraye na halittar iyaye biyu, kuma gaurayen kowace dabam yake da na 'yar'uwarta. Idan aka shuka ƙwaya goma daga tuffa ɗaya, ire-ire goma za a samu, mafi yawansu ƙanana masu tsami ko bauri. Wannan shi ne abin da ya faru da maƙwabtan John McIntosh.

Abin da wannan ke nufi shi ne, babu wata hanya ta samun McIntosh sai ta yanko jikin McIntosh. Duk itaciyar da ke ɗauke da wannan suna, a Kanada take ko a Amurka ko a gabashin Turai, reshe ce da aka yanko daga wadda aka yanko daga wadda aka yanko, har a dangana da wadda John ya dasa a 1811. Ba jikokinta ba ne yadda ake cewa ɗan'adam jikan wane ne. Ita ce da kanta, aka rarraba jikinta a kan miliyoyin saiwoyi. A nan ne tsohon gida mai lambu ya bambanta da sauran wuraren tarihi. Gidan da aka haifi wani jarumi shaida ce ta abin da ya wuce ya ƙare. Amma gidan McIntosh mafari ne na wani abu mai rai wanda har yanzu yake fure duk bazara, kuma ana iya nuna taku ɗaya na ƙasa a ce daga nan ya tashi. Kaɗan ne daga cikin abubuwan da ɗan'adam ke ci za a iya yi musu haka. Ba mai iya nuna gonar da gero ko dawa suka fara.

Bayan wannan, akwai 'ya'yanta na haƙiƙa, wato sababbin ire-iren da cibiyoyin binciken aikin gona suka samar ta hanyar barbararta da wasu. Daga cibiyar Geneva ta jihar New York aka sami Cortland da Macoun da Empire, daga cibiyar Summerland ta yammacin Kanada kuma aka sami Spartan. Har ila yau, a shekarun 1960 wani manomi a Kelowna mai suna Anthony Wijcik ya lura da wani reshe a jikin itaciyar McIntosh da ke tashi sambal kamar sanda, 'ya'ya na manne da shi ba tare da ya yi rassa ba. Daga wannan reshe, wanda aka sa wa suna McIntosh Wijcik, aka samo tushen tuffar nan mai tsayuwar ginshiƙi da ake dasawa a ƙananan filaye.

5.0 Tafiyar Suna

5.1 Daga sunan yanka zuwa suna gama-gari

Sunan McIntosh kansa harɗaɗɗe ne. Ya fito daga harshen Gelik na mutanen Sikotilan, inda mac ke nufin ɗa, sauran kalmar kuma tana nufin shugaba ko jagora. Wato ma'anarsa ta asali ɗan shugaba, kuma ƙirarsa ta yi daidai da ta sunayen Hausa masu farawa da ɗan. Wannan shi ne mataki na farko: siffantawa ta daskare ta zama sunan zuriya, har masu sunan suka daina jin ma'anarta.

A mataki na biyu sunan zuriya ya zama sunan wuri, domin kafin a kira ƙauyen Dundela an san shi da sunan da ke nufin mararrabar McIntosh. A mataki na uku ya hau kan itaciya. Da farko dangantakar ta mallaka ce, tuffar gidan wane. Daga baya aka yar da kalmar tuffa, aka yar da siffar ja, sunan ya tsaya shi kaɗai yana nufin 'ya'yan itacen, har aka datse shi ya koma Mac a bakin 'yan kasuwa. Wanda ya ce a auna masa Mac a kasuwar Toronto ba ya tunanin wani mutum ko wani gida. Sunan yanka ya zama suna gama-gari ke nan.

Mataki na huɗu shi ne mafi nisa. A 1979 Jef Raskin, ma'aikaci a kamfanin Apple na Amurka, ya fara aikin ƙera wata kwamfuta mai sauƙin sarrafawa, ya raɗa mata sunan tuffar da ya fi so. An sauya rubutun zuwa Macintosh saboda akwai wani kamfanin kayan sauti mai suna McIntosh Laboratory. An fitar da kwamfutar kasuwa ranar 24 ga Janairu, 1984, ita ma daga baya aka datse sunanta ya koma Mac. A yau ɗalibin da ke Nsukka ko Ibadan ko Zariya yana iya furta wannan suna kullum ba tare da ya taɓa ɗanɗana tuffar ba, balle ya ji labarin Dundela.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Hausa. Magi da uwargida ke jefawa a miya sunan Julius Maggi ne, mutumin Suwizalan. Lifton na mai shayi sunan Thomas Lipton ne. Marsandi kuwa ya samo asali daga Mercedes, sunan 'yar wani dillalin motoci, Emil Jellinek. A duk waɗannan, harshe ya karɓi sunan, ya yi masa kwaskwarima, ya shafe mutumin. Abin da ya bambanta McIntosh shi ne kowane mataki na tafiyar yana da shekara, kuma matakin farko na zamansa sunan abu yana da wurin da za a je a tsaya. Ga mai nazarin faɗaɗar ma'ana, wanda sau da yawa sai dai ya yi kirdado daga siffar kalma, wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

5.2 Sunan wa ake sa wa itaciya?

Kafin sunan McIntosh Red ya kafu, a cikin gida da unguwa ana kiran tuffar da sunan da ke nufin tuffar Kaka, saboda Hannah ce aka fi gani tana kula da itaciyar. Da abin ya shiga kasuwa sai sunan zuriyar miji ya ture wancan. Ɗan ƙodagon da aka ce ya koyar da auren itacen, wanda ba don shi ba da irin ya mutu tare da uwarsa, ba a sa shi cikin sunan ba ko ta wace fuska.

Ba a nan kaɗai haka ta faru ba. A garin Southwell na Ingila, wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka ƙwayar tuffa a bayan gidansu a 1809. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Shekara goma bayan haka wani matashi mai rainon dashe, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar rassa, mahaucin ya yarda bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Ita ce Bramley, wadda ta zama babbar tuffar dafuwa ta Ingila. Wadda ta shuka ba ta sami suna ba, wanda ya yaɗa bai samu ba, mai takardar gida ne ya samu. Haka kuma mangwaron Haden na Fulorida: Kyaftin John Haden ya shuka ƙwallon a 1902 ya rasu a 1903, matarsa Florence ce ta raine shi har ya yi 'ya'ya. A wannan fage tuffar Granny Smith ta Ostareliya ce ta fita zakka, domin ita sunan tsohuwar da ta raine ta, Maria Ann Smith, da laƙabinta na kaka, su ne suka bi ta duniya tun daga 1868.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, sunan 'ya'yan itace yakan adana mallaka fiye da yadda yake adana wahala. Idan suna kaɗai ya rage, to labarin da zai bayar ragagge ne. Tarihin gidan, da wanda ya zauna a ciki a wace shekara, da abin da jikoki ke kiran itaciyar, su ne ke cike giɓin.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata a lura da shi. Da samar da iri ya koma hannun cibiyoyin bincike, sai salon raɗa suna ya sauya. Cortland sunan gunduma ne a jihar New York, Empire daga kirarin jihar aka ɗauko shi, Macoun kuma sunan W. T. Macoun ne, babban jami'in aikin lambu na gwamnatin Kanada. A baya-bayan nan sunayen talla ne suka yi rinjaye. Ko tuffar Ambrosia, wadda ita ma tsintuwa ce a wata gona a yammacin Kanada a farkon shekarun 1990, ba sunan iyalin da suka tsince ta aka ba ta ba. Al'adar kiran 'ya'yan itace da sunan gida ta wani zamani ce da ya ja baya, kuma wannan ya ƙara wa 'yan gidajen da suka rage daraja.

5.3 Kwatanci da sunayen wurare na Hausa

Hausa ma tana haɗa sunan itace da na mutum da ƙirar mallaka: Rimin Gado, Kurnar Asabe, Durumin Iya. Ta fuskar ƙira, babu bambanci tsakaninsu da tuffar McIntosh. Amma makomarsu ta bambanta. Rimi da kurna da durumi ba itatuwan da ake yi wa aure a kai kasuwa ba ne, don haka sunan ya zauna inda itacen yake, ya zama sunan unguwa ko gari, ko da itacen ya daɗe da faɗuwa. Inda aure ya shigo kuwa, suna yakan tashi ya bi reshe, kamar yadda ake gani a sunayen mangwaro irin su Juli da Fita da Binta suga, waɗanda ake ji a kasuwanni masu nisa da juna. A taƙaice, dabarar manomi ce ke yanke hukuncin ko suna zai zama na wuri ko na iri.

6.0 Abin da Ya Rage a Dundela

Mutanen yankin ba su yi jinkirin gane darajar wurin ba. A 1912, shekara biyu bayan faɗuwar itaciyar, aka yi karo-karo aka kafa dutsen tunawa a kusa da inda take. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Ontariyo ta kafa allonta a 1962, ta tarayya kuma ta kafa nata a 2001. A 1996 ma'aikatar buga kuɗi ta Kanada ta fitar da dalar azurfa don cika shekara 200 da isowar John McIntosh. Ta fuskar tunawa dai ba a yi rowa ba.

Sai dai allo ba ya toshe yoyon rufi. Karramawar hukumar tarayya a Kanada ba ta ɗora wa mai gida wani nauyi na doka a kan dukiyarsa, ba ta kuma mai da gonar ta gwamnati. Gonar ta fita daga hannun zuriyar McIntosh a cikin ƙarni na 20, kuma a 2018 kafofin watsa labaran ƙasar suka ba da rahoton an sa ta a kasuwa, gine-ginen sun tsufa, ciyawa ta rufe lambun. Wato gidan gado ya kama hanyar zama kango a daidai lokacin da ita kanta tuffar ke ja da baya a kasuwa, inda ire-ire masu ƙarfin tsoka da zaƙi irin su Gala da Honeycrisp suka riƙa ture ta.

Matsalar da ke gaban mai son adana irin wannan wuri a fili take. Ɗakin da John da Hannah suka zauna ya ƙone tun 1894; wanda aka gina bayansa bai ga farkon labarin ba. Uwar itaciyar ta mutu tun 1910. Idan da ma'aunin gini kaɗai za a bi, sai a ce babu abin da ya saura. Kuma dabarar da yankin ya saba da ita ta ceton gine-gine ba ta da amfani a nan. A 1958, lokacin da aikin faɗaɗa hanyar jiragen ruwa ta St. Lawrence ya sa ruwa ya shanye ƙauyuka goma, aka tashi mutane kimanin 6,500, an ciccibi wasu tsofaffin gine-gine an kai su kusa da Morrisburg, inda aka buɗe ƙauyen tarihi na Upper Canada Village a 1961. Ana iya ɗauke coci ko injin niƙa a kai wani wuri ya ci gaba da zama abin da yake. Amma darajar Dundela ita ce kasancewarta wurin da abin ya faru, shi kuwa wuri ba ya ɗaukuwa.

Abin da ke ɗaukuwa shi ne reshe, kuma a nan ma akwai daraja hawa-hawa. Ko da yake aure yana maimaita itaciya, lokaci-lokaci wani ido yakan sauya halitta da kansa, kamar yadda ya faru a Kelowna. Manoma kuma sun shafe fiye da shekara ɗari suna zaɓen rassan da 'ya'yansu suka fi ja, domin su ne suka fi shiga ido a kasuwa. Saboda haka McIntosh ta kanti ta ɗan yi nisa da ta 1811. Manazarta rubutattun waƙoƙin ajami sun san irin wannan hali: kowane mai kwafa yakan rage ko ya ƙara, don haka kwafin da aka ɗauka daga hannun mawallafi ya fi na goma a salsala daraja, ko da na goman ya fi kyan tawada. Dalili ke nan da ya sa a Ingila Jami'ar Nottingham ta ɗauki tsokar uwar Bramley a shekarun 1990 ta raini sababbin itatuwa daga gare ta, tun kafin a sanar a 2016 cewa wata cutar saiwa ta kama ta, Jami'ar Nottingham Trent kuma ta sayi gidan a 2018.

A Dundela uwar ta riga ta tafi, amma an daɗe da sanin wata tsohuwar itaciya wadda reshenta daga jikin uwar aka yanko shi kai tsaye, ita ce ta ƙarshe da aka sani a wannan mataki na farko. Ta mutu a 2011. Kafin mutuwarta, masu aikin lambu na Upper Canada Village sun je sun yanki rassanta domin su aura su a kan sababbin saiwoyi. Inda kututturen uwar ya tsaya shekara da shekaru kuwa, wani shimfiɗaɗɗen dutse ne aka ajiye don ya nuna gurbin.